Asabar Bakwai Babu Rediyo

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar jikata. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Allah ya yi muku albarka.

Na rubuto ne na ba direban motar kaya ya kawo maka, domin in muna waya Babanku yana ji. Tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin dama bakinsa ne kawai ya yi nauyi, kunnensa ras yake.

Jikin da sauƙi, alhamdu lillahi. Yana iya riƙe kofin shayi da hagu. Likita ya ce jinin ya fara sauka, amma a kiyaye masa duk abin da zai tayar masa da hankali.

Na yi abin da ka ce. Rediyon na ɗauke na sa a ƙasan akwatina. Da ya nuna gurbinsa da ido, sai na ce likita ya ce a huta da hayaniya. Ba ƙarya na yi ba, likitan ya faɗi haka.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne maganar amininsa Baba Mai Faci. Ka san shekara ashirin da shida ke nan tare suke zuwa kallon ƙungiyar ƙwallon garin nan duk Asabar, layi na uku daga ƙasa, kusa da turken fitila. In an tashi, ko an ci ko an sha kashi, sai su tsaya a ƙaramar ƙofar da 'yan wasa suke fitowa, su bi su ɗaya bayan ɗaya da sannu da ƙoƙari. Na tare Baba Mai Faci a ƙofar gida na ce, “Malam, don Allah a ɗan jinkirta shigowa wajensa. Fuskarka ba ta iya ɓoye labari, yaran naku kuma ka san halin da suke ciki.”

Ya daɗe yana murza hannun kekensa. Ya ce, “Hajiya, ba ki san mijinki ba ne?” Na ce na san shi, shi ya sa nake tsoro. Ya ce to, ya hau kekensa.

Ban sani ba ko daidai muka yi. Ka taya mu da addu'a.

Wassalam,
Mahaifiyarka.

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, duk muna lafiya, jikarki ta fara tsayuwa da kujera. A gaishe da Baba da jiki.

Umma, daidai kika yi ɗari bisa ɗari. Ƙungiyar nan ta mutu, binnewa kawai ya rage. Na duba a waya, wasa tara a jere ba su ci ko ɗaya ba, su ne na ƙarshe a tebur. Mai hawan jini ina shi ina wannan? Ni tun ina sakandare na tattara kayana na koma wa masu buga ƙwallo na gaskiya a talabijin, ba na sayen ɓacin rai kowane mako. Ko Shugaban magoya baya da kansa, mai zuwa ƙofar gidanmu da 'yan bushe-bushe lokacin da suka ɗauki kofi, na ga hotonsa a gidan kallo sanye da rigar wata ƙungiyar waje. Mutum mai hankali ke nan.

Idan Baba ya tambaya, ki ce masa sun ci, ko ki ce an tashi kunnen doki. Na san halinki, za ki ce ƙarya ce. Umma, rai muke ceto. Baba Mai Faci kuwa ya yi haƙuri, mutumin kirki ne, amma shi ko ƙungiyar ta koma buga ƙwallon tsumma a bayan kasuwa zai je ya tsaya yana tafi.

In Baba ya miƙe zan haɗa masa tashar wasannin waje, ya ga abin da ake kira ƙwallo.

A yi mana addu'a.
Ɗanki.

*

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ka yi mini afuwa, yau gaisuwar gajera ce, hankalina ba a kwance yake ba.

Babanku ya ja baya. Mako na biyar ke nan da ɗauke rediyo, kuma kowace Asabar jikin sai ya fi na wadda ta wuce lalacewa. Da la'asar zai sa in juya shi ya fuskanci taga, ya zuba wa labule ido har a kira magariba. Daga nan ya juyar da kai bango. In na kawo abinci ya rufe baki kamar yaro. Motsa hannun da ma'aikaciyar asibiti ta koya masa ya daina. Likita ya auna, ya ce jinin bai hau ba, shi ma bai ga dalili ba.

Akwai abin da nake so ka sani, domin da shawararka na yi shi, ko da yake ni ce na buɗe baki. Asabar ɗin da ta wuce ya tattara ƙarfinsa ya ce mini, “Yaranmu?” Kalma ɗaya, sai da ya yi gumi kafin ta fito. Na ce, “Sun ci, Malam. Ɗaya da nema.”

Ya kalle ni. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon ba. Ba faɗa a ciki, ba komai. Sai ya lumshe ido. Ni kuma na fita na zauna a bakin famfo, na kasa ko wanke kofin da ke hannuna. Na yi istigfari har ban san adadi ba. Ban taɓa gaya wa bawan Allahn nan abin da ba haka yake ba, ko a kan gishirin miya.

Shugaban magoya baya ya zo dubiya sau ɗaya, Allah ya ba shi lada. Bai zauna ba, wayarsa tana ta kuka. Da zai fita ya ce mini shi ya daina wahalar da kansa, wai ƙungiyar da ba ta san darajar magoya bayanta ba ba ta cancanci rana ta dake shi ba. Na ce Allah ya kyauta.

Ina tsoron kada mu rasa shi muna ganin kamar tsare shi muke yi. Ka gaya mini abin da kake gani.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗan abokina, mai ƙungiyoyi goma sha biyu,

Salamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya ƙungiyar da kake bi a wannan watan? Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya saba da tayar mota, bai saba da biro ba.

Ummanka ba ta sa ni rubutu ba, ni na sa kaina. Jiya Asabar ta bakwai na karya dokarku. Na taso daga fili, na zo daidai tagar mahaifinka, na kaɗa ƙararrawar keke kamar yadda nake yi kowane mako in wuce. Sai ƙafata ta ƙi taka feda. Na jingina keken na yi sallama. Hajiya ta fito, ta dube ni, ta matsa gefe.

Na same shi kamar an wanke tsumma an yar. Ya ga ni ne, sai ya juyar da kai. Na ce, “Kai tsoho, fushi kake da ni? To juyo ka ji, an lallasa mu.”

Ya juyo a hankali. Ya ce, “Nawa?”

Na ce, “Uku da nema. Golan nan namu hannunsa kamar an shafa masa sabulu. Na ukun ma ɗan bayanmu ne ya jefa a ragarmu, da kai, kyakkyawan ci kuwa.”

Wallahi sai da ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa. Daga nan ya tambaye ni abin da ya sa ni wannan rubutun. Ya ce, “Ƙofa... wa ya tsaya?”

Na ce, “Ni kaɗai. Amma na yi musu sannu sau biyu-biyu, ɗaya tawa ɗaya taka. Ƙaramin nan mai lamba bakwai kullum sai ya tambaye ni ina Baba mai farar hula.”

Sai hawaye. Hajiya ta taso a tsorace, ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya ɗauki lokaci yana haɗa maganar, mu kuma muka jira shi. Ashe duk wasan da aka yi ya san sakamakonsa. Titin fili ta bayan tagarsa ya bi. In an ci, sai an tashi ake wucewa da oda da ihu. In ana shan kashi, tun da sauran rana yake jin takun masu gudu, ana jan takalmi ana zagin koci. Can bayan kowa ya watse sai ya ji ƙararrawata, ya jira sallama, shiru. Shi a zatonsa na gaji da shi ne tun da ya daina moruwa, kamar yadda mutane suka gaji da yaran.

Ya dubi Ummanka ya ce, “Kin ɗauke ni... irin Shugaba?”

Ita dai kuka take tana cewa ya yafe mata. Ni kuma na ce to a kawo wa mutum shayi mana, ana ta koke-koke kamar mu muka ci kanmu. Ya sha kofi biyu da burodi, a gabana.

Ɗana, kai ka san ƙwallo a talabijin, ba na musu. Amma mahaifinka shekara uku muka taɓa yi a jere ba mu ga kofi ko na shan ruwa ba, bai fasa Asabar ɗaya ba. Shan kashi ba baƙonsa ba ne. Zaman da kuka sa shi shi kaɗai, shi ne bai iya ba.

Ka gaishe da iyali.
Babanka Mai Faci.

*

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar mai farin ciki, kai da maiɗakinka da jikata mai tsayuwa. Na ji ka kira sau uku ka kasa magana da shi. Kada ka takura kanka, da kyakkyawar niyya ka yi, ni shaida ce.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya turo mana bawansa a kan keke. Rediyo ya koma gurbinsa. Babanku ya koma motsa hannu, har yana matse ƙwallon roba yana harararta kamar ita ta jawo musu. Ya yafe mini tun a ranar, amma ni sai da na sake roƙonsa da safe, da hankalina a jikina.

Asabar ɗin nan aka buga wasan ƙarshe. Ya ce zai je. Na je na tambayi likita, ban ɓoye masa komai ba. Ya yi dariya ya ce a kai shi, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi maganinsa kafin a fita. Maƙwabcinmu kafinta ya aro keken marasa lafiya, Baba Mai Faci ya tura. Ni ma na sa hijabina na bi su da gorar ruwa. Ban taɓa shiga filin nan ba sai ranar.

Ɗana, wuri ne da zai ɗauki dubbai, amma da na ƙirga ba mu kai sittin ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da lemo da ta ajiye farantinta tana yi wa alƙalin wasa faɗa kamar ɗan cikinta. Akwai makaho da ƙaninsa yake ba shi labari a kunne. Duk sun san Babanku. Suka yi ta zuwa suna riƙe masa hannun hagu.

An ci mu biyu da ɗaya, mun faɗa rukunin ƙasa. Ka ga har na fara cewa mu. Da aka jefa ta biyun na kama hannunsa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Shi kuwa ya ja tsaki kawai ya ce, “Gola.”

Da aka tashi suka tura shi ƙaramar ƙofa. Yaran suka fito kansu a ƙasa, wasu ba su kai ƙaninka shekaru ba. Wani ya rufe fuska da riga. Babanku ya ɗaga hannu, yana cewa “Sannu... sannu,” ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko golan ba. Mai lamba bakwai ya durƙusa a gaban keken ya kifa kai a gwiwarsa yana kuka, yana cewa Baba mun ba ku kunya. Babanku ya dafa kansa ya ce, “Baɗi.”

A makaranta an koya mana cewa dubiya da gaisuwa sun fi lada ranar da mutum ba shi da abin da zai saka maka. Shekara ashirin da shida ina yi wa mijina kallon mai ɓata la'asar ɗinsa, ban san abin da yake tsayawa yi a ƙofar nan ba. Na gode wa Allah da ya nuna mini da raina da nasa.

Yana nan kusa da ni, ya ce in bar masa ƙasan takarda. Zai faɗa, in rubuta.

Wassalam,
Mahaifiyarka.

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Na yafe.

Tashar waje ka bar ta, na gode. Wasan farko na rukunin ƙasa bayan wata uku ne. Keken nan yana da nauyi, Mai Faci kuma ya tsufa ko da yake ba ya yarda. Ina neman mai turawa.

Filin rukunin ƙasa babu rumfa. Ka taho da hula.

Babanka.