Ƙwaya Biyu Kafin a Hau Gini

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji uku na yi malamai suka huta da ni.

Na san uwarki ta kai ƙarata wurinki. E, ƙafafuna sun kumbura. E, likita ya ce ƙodata ta gaji, wai maganin ciwon jiki ne ya cinye ta. Shekara ashirin ina aikin gini. Kullum da safe ana zagayawa da gwangwani, kowa ya ɗauki ƙwaya biyu kafin ya hau. Ruwa kuwa ba ma sha, don wanda ke hawa na huɗu ba ya son saukowa fitsari. Abokan aikina ga su nan garau. Likitan nan ko bulo ɗaya bai taɓa ɗagawa ba. Ba zan daina ba. Bayana ne ke ciyar da gida, ita ƙodar ban taɓa ganin aikin da ta yi ba.

Ki gaida kowa.
Babanki mai taurin kai.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Na tambaya a asibiti. Sun ce abin da ya rage na ƙodarka zai riƙe ka idan ka bar ƙwayar nan, ka sha ruwa yadda likita ya ce, kuma ba ka ƙara haɗiyar wani magani ba sai ya duba. Tunda ka ƙi, na je an gwada jinina. Ya dace da naka. Ranar da taka ta tsaya, za a cire tawa ɗaya a sa maka. Ba shawara nake nema ba, Baba. Halinka na gado.

Allah ya ƙara sauƙi.
'Yarka.

'Yata,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Wa ya ba ki izini? Da guda biyu aka haife ki, da biyu za ki tsufa. Babu wuƙar da za ta taɓa ki saboda ni.

Yau kwana tara ban haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. Bayana kamar ana sara shi, ina takawa a hankali har abokan aiki sun sa mini suna Amarya. Su yi ta dariya. Laraba zan koma wurin likita, uwarki za ta raka ni don kada in gudu a hanya.

Ki je ki ce wa masu gwada jinin nan su nemi wani aikin.

Allah ya yi miki albarka, marar jin magana.
Babanki.