Kwantenarku ta Kifa Taswira, Ni Na Sha Sanda a Dogon Kiriya

Zuwa ga Mai Girma Daraktan aikin hasashen damina na manoma, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ku yi haƙuri da munin rubutuna. Da hagu nake yi, hannun dama yana cikin ɗori. Sau uku na rubuto muku a asirce kuka yi kunnen uwar shegu, shi ya sa yau na fito fili.

Sunana Isufu, ni ne mai kula da na'ura a biro, wato ofishin aikinku na Dogon Dutsi, kuma ni ɗan Dogon Kiriya ne. Masana suna aiko mana da lissafinsu na yadda ruwa zai sauka, cikin fayil ɗin da na'ura kaɗai ke iya karantawa. Aikina in juya shi ya koma jadawali: gari kaza, ruwa kaza, mako kaza. Daga nan rediyo ta gaya wa manoma. Manhajar da ke juyin tana cikin abin da muke kira kwantena, wato an haɗa ta da duk kayan aikinta an kulle wuri guda, don ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura.

1. Kwantenar farko ni na haɗa ta, damina biyu tana aiki. Duk ranar da na taɓa ta, sai na gwada ta da ruwan bara, wanda muka auna da hannunmu, kafin in bar ta ta yi magana da mutane.

2. Bana kuka ba wani kamfani ya haɗa sabuwa, aka aiko mini a kulle, ba damar leƙa cikinta. Na roƙi mako guda in gwada. Kuka ce baƙi masu tallafi na tafe, a tayar da ita ranar. Na tayar. Jadawalin farko ya ba Dogon Kiriya da ke arewa ruwa mai yawa, ya bar Dumega da ke kudu a bushe. Mai Girma, duk wanda aka yanke cibiyarsa a Arewa ya san ruwa daga kudu yake fara sauka. Na buga waya na faɗa, mataimakinku ya yi dariya ya ce wai ƙauyanci ne ke damuna, na'ura ba ta ƙarya. Ya tura jadawalin rediyo da kansa.

3. Rediyo ta ce a shuka. Mutanenmu da suka saba jira sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, suka kwashe irin geron da suka hana bakinsu ci tun rani, suka zuba a ƙasa bayan ɗan yayyafi, don sun san ɗansu ne ke riƙe da na'urar. Ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus.

4. Ranar kasuwa na je gaida mahaifiyata. Ban gama sauka daga mota ba aka yi mini ca. Wani ya shaƙe ni da rigata, wani ya zabga mini ƙotar gatari a baya, na faɗi aka bi ni da ƙafa. Haƙorina biyu na bari a tashar. Wanda ya karya mini hannu kawuna ne, Mamman, wan mahaifiyata, mutumin da ya goya ni ya kai ni lakwal, wato makarantar boko. Yana dukana yana kuka. Masu shaguna da suka fito daga sallar azahar ne suka janye ni, ba don su ba da wani ne zai rubuta wannan takarda.

5. Ina kwance na buɗe tsohuwar kwantenata na gwada fayil ɗin da masana suka aiko bana. Masana suna jera layukan taswira daga arewa zuwa kudu, sabuwarku kuma ta ɗauka daga kudu aka fara. Ta kifa ƙasar baki ɗaya, ruwan Dumega ta ɗora mana. Gwajin yini ɗaya ya isa ya kama ta. Na aiko muku da shaida, sai ga takardar dakatarwa, wai kuskuren ma'aikaci ne. Kuka shafa mini kashin kaji don kamfanin ya fita fes. Wallahi wannan takardar ta fi sandar kawuna zafi.

Ban kai ƙarar kowa jandarma ba, kuma ba zan kai ba. Mutumin da aka raba da irinsa ba shi da laifin da zan ɗaure shi a kai.

Ga abin da nake nema. Ku tsayar da kwantenar nan yau, don har yanzu ita ke aiki. Ku kai iri mai saurin nuna Dogon Kiriya tun damina ba ta wuce ba. Aikin kuwa ku riƙe abinku in kuna so. Amma ku hau rediyon da ta ce a shuka, ku faɗa da bakinku cewa Isufu ya yi gargaɗi aka ƙi ji. Mahaifiyata ta daina zuwa rijiya sai ta ga mata sun watse, ni kuma ba ni da hanyar shiga garin da aka haife ni.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya tsare ku daga ranar da mai yunwa zai kama ku da laifin wani.

Wassalam.

Isufu,
Dogon Dutsi.