Duwatsunki Sun Cika, Shagona Kuwa a Buɗe Yake

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki, Ya kuma ba ki sa'ar karatun da ya kai ki nesa da mu. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Innarku ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa da kanta. Matar yayanki ta sauka lafiya, an sami mace, duk wanda ya gan ta sai ya ce hancina ta ɗauko. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya yi wa maganata kwalliya. Yadda ta fito daga bakina haka za ki karanta ta.

Saƙonki ya iso tun tuni, takunkumin fuska da gwangwanayensa cike da fararen duwatsu ƙanana kamar ƙwayar hatsi, waɗanda kika ce sunansu ziyolayit. Bayanin da kika yi mini a waya ban manta ba, duk da kin yi ta jan maganar kamar da kurma kike yi. Kin ce kowane dutse cike yake da ramukan da ido ba ya gani, lungu cikin lungu, kuma warin tina, ruwan sirka fenti, wanda nake shaƙa in ina fesa wa motoci fenti wasu ƙananan abubuwa ne masu siffar zobe. Siririn cikinsu ya shige rami ya lafe jikin bango, ɗan'uwansa ya biyo shi ya kwanta gefensa, mai ƙiba kuwa ya yi ta fama a bakin ƙofa. Kin ce in sun shiga ba sa fita sai dutsen ya ji wuta. Na gane sarai. Rashin zuwa makaranta bai toshe mini kunne ba.

Abin da ba ki faɗa mini ba shi ne ashe duwatsun na rarrashi ne. A bakin Gwaggonku na ji wai kun yi taro a waya, ke da yayanki da likitan nan mai ɗan gemu, kun yanke cewa da mutuwar watan nan za a rufe shagona, a ba mai gyaran waya wurin. Wai hoton ƙirjina ya nuna duhu. Ƙirjin nawa ne, shagon nawa ne, amma ni kaɗai ba a kira ba. Ban manta ba, Auta, kina ƙarama kika hana ni raka ki makaranta, wai yara suna cewa babanki na warin tina. Na tsaya a bakin titi ina kallon ki har kika shige. Warin nan shi ya ɗinka miki kayan makarantar. Yau ga shi kin tsallaka duniya kina koyon yadda ake kama shi a kulle a rami, kuma da shi kuke so ku haɗa ni.

To, ki ji abin da ya faru. Duwatsun sun daɗe a fuskata har suka fara canza launi, na san sun ƙoshi. Na ce ba zan roƙi sababbi a hannun masu ƙulla mini ba. Tunda wuta ke fitar da abin, sai na zazzage su a kaskon suyar Innarku na ɗora a murhu ina juyawa. Ba a jima ba ta fito daga ɗaki tana tari, ido na zubar da ruwa. Tela ya faɗo gidan ba ko sallama, yana tambaya ko mota ce ta kama da wuta. Duk abin da duwatsun suka haɗiye a shago sun amayar da shi a tsakar gidanmu. Ni kuwa ina tsaye a kan kaskon, cokali a hannu, ban ji warin komai ba. Ko kaɗan. Innarku ta ƙaraso bakin murhun. Kallona kawai ta yi, ta ɗauke kaskon ta jefar a bola.

Na san abin da za ki ce, ki adana shi. Eh, hancina ya cika, wataƙila ƙirjin ma haka. Amma ke da bakinki kika ce abin da ya shiga ya lafe ba ya fita don an canza wa dutse wurin zama. In kun shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida ina korar ƙuda, tarin zai biyo ni can, aikin ne kaɗai ba zai biyo ni ba. Mutumin da direbobi ke kira tun daga titi zai koma tsohon da ake tsallakewa.

Ga abin da na yarda da shi. Zan riƙa sa takunkumin, zan fitar da aikin feshin fili inda iska ke kaɗawa, ba kuma zan sake soya duwatsunki ba. Ki aiko da wasu. Kwaɗon shagon na canza shi, makullin yana rataye a wuyana, ki faɗa wa yayanki kada ya wahalar da kansa. In kuwa dole sai an rufe, ba ta waya ba. Ki zo da ƙafarki, ki shigo shagon da kike zagaye shi tun kina yarinya, ki tsaya a tsakiyarsa ki shaƙi abin da ya raine ki, ki dube ni ki miƙo hannu. A ranar zan ga ko zan ciro makullin.

Ki gaishe da maigidanki, da mai gidan da kuke haya, da malamarku da kika ce tana tambayata. Innarku da Gwaggo da Tela suna gaishe ki. Likitan kuwa, in kun sake taro, ki ce masa ban aiko da gaisuwa ba.

Mahaifinki,
Mai Fenti