Inda Constance Ta Ja Numfashi

Litinin, 7 ga Oktoba
Constance matar ɗana Nazir ta rubuta wani abu da Jamusancinsu a zauren iyali na waya: Mama sagt Nazir redet zu viel. Ta haɗa da fuskar dariya. Na ga Mama, na ga Nazir. Na tura wa ƙawata Sailuba, tunda ta yi shekara tara a Jamus. Ta ce, "Hajiya, cewa ta yi: Mama, in ji Nazir, ta cika surutu."
Ni? Ni da ko a asibiti sai an ce in ɗaga murya?

Talata, 8
Nazir ya kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 10
Wai surutu. Kuma a bakin matarsa, a yaren da ba na ji. In gaisuwar da nake tura masa kullum da asuba ce ta dame shi, na daina. Gayyar abincin Lahadi a gidansu na garin Bowie kuma, su ci kayansu.

Juma'a, 11
Na haɗu da Sailuba bayan masallaci, tana ta kame-kame. Wai ta sake dubawa, maganar fuska biyu gare ta, don Constance ba ta sa waƙafi ba. In an tsaya bayan "Mama", ni ce mai surutun. In an tsaya bayan kalma ta biyu, ni ce na ce Nazir ya cika surutu. "Sai kin ji a bakinta."
Haba Sailuba! Kwana huɗu! A makarantar allo wanda ya tsaya inda ba a tsayawa ya juya ma'ana, sai ya maimaita ayar tun daga farko. Ke kuwa kin tsaya inda kika ga dama a kan ɗana.

Lahadi, 13
Na je gidansu. Na miƙa wa Constance wayar a kicin, na ce karanta min yadda kika nufa. Ban iya Jamusanci ba, amma na san numfashi. "Mama sagt" a haɗe, muryar ta ɗan hau, ta tsaya. Sannan ta ci gaba da "Nazir".
Ta ce, "Ke kika faɗa ai, Mama, ranar Sallah, muna yanka kuɓewa."
Gaskiya ne, na faɗa.
Nazir ya tambayi abin da ya samu wayata da ba na ɗaukar kiransa. Na ce ba komai, Allah Ya yafe min. Ya yi minti arba'in yana bayanin yadda ake gyara waya. Ban katse shi ba.