Ki Bar Ta Ta Gani Har Ƙarshe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya ɗiyata Shalele? Ni lafiya lau, aikin raino ne, tsayuwar ce kawai ta ɗan yi yawa.

Kin tuna katun ɗin giwayen nan da Shalele ke so? Kashi na farko kowa ya yaba, na biyun kuwa ni na fi kowa kushe shi. Ba waƙa, ba abin dariya, uwa ta tafi neman ruwa, tafiya ta ƙi ƙarewa. Kullum a tsakiya nake kashe mata, in ce ɓata lokaci ne.

Yaron da nake raino ba shi da abin kallo sai shi. Jiya ina ninke kaya na kalli na biyun har ƙarshe. Yaya, ashe uwar tana dawowa! Ɗan giwar bai gane ta ba, ya ɓuya bayan kakarsa, sai da ya shinshina ta. Banɗaki na shige na buɗe famfo, don kada uwar gida ta ji kukana.

Ran nan a waya Shalele ta ce min, "Ina wuni, Anti." Kuka yi dariya, ni ma na yi.

Don girman Allah ki nemo mata na biyun. Ki zauna da ita, ko sama da ƙasa za su haɗu kada a kashe. Iyakar abin da ta sani, uwar ta tafi. Ni na hana ta ganin sauran.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Maman Shalele