Na Gaishe da Yayanka da Halifa a Bayana

Malam,

Gaisuwa irin ta kullum, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, kuma ba mai kai maka ita. Amma abin da ya faru ranar Asabar, in ba kai na faɗa wa ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya lau. Gyaɗar gonarka ta Falgore ta yi kyau bana, an kuma mayar da ni koyar da 'yan babban aji a makarantar 'yammata. Ɗanmu Halifa ya shiga shekara goma sha uku. Muryarsa ta fara buɗewa, ya yi tsawo, ya yi nauyin da ba ka san shi da shi ba.

Tun da sanƙarau ya kashe masa ƙafafu, kai ne ƙafafunsa. Kai ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, kai ke kai shi banɗaki, in damina ta cika lungunmu da taɓo kai ke goya shi har makaranta. Da ka tafi, sai aikin ya dawo kaina. Ban daɗe da fita takaba ba muka faɗi ni da shi a bakin banɗaki, goshinsa ya fashe. Kafin jinin ya bushe labari ya kai wa 'yan'uwanka a Yola ta Karaye. Yayanka Sale ya zo da kansa. Ya ce ɗa nasu ne, mace ba za ta iya da shi ba, gara ya koma can inda akwai samari masu ɗaukarsa. Ka san gidan nan, Malam. Za su ba shi tuwo, za su so shi, amma wa zai kai shi makaranta? A zaure zai wuni yana kallon awaki, yaron da ke gyara wa malaminsa lissafi. Na roƙi a bar mini shi zuwa bayan kaka. Yaya ya yarda, don ya tabbata kafin nan ni da kaina zan aika a zo a ɗauke shi.

Washegari na je wajen mai waldan bakin kasuwa. Ya yanko mini sandar ƙarfe, na cika gwangwanaye biyu da siminti na kafa su a bakinta. Sauran na koya a waya, na haɗa da abin da na karanta game da tsoka a kwaleji. Da na idar da sallar asuba sai in fito tsakar gida. In rungumi jarkar ruwa in durƙusa in tashi, in yi tsallen igiya, in ɗaga ƙarfen daga ƙasa, da sauri da sauri har numfashi ya nemi yankewa. In huta kaɗan, in koma. Makon farko a zaune na riƙa yin salla. Ɗalibaina suna kallona ina hawa matakalar aji kamar tsohuwa, suna ƙunshe dariya cikin hijabi.

Surutu kuwa ba irin wanda ban ji ba. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce in na zama ɗan dambe ba namijin da zai kalle ni. Wa ya ce mata ina nema? Matan nan su ke daka, su ke ɗauko dami daga gona, ba wanda ya taɓa cewa ƙarfinsu abin kunya ne. Sai ni, don na nemi nawa da gangan?

A hankali jarka ɗaya ta koma biyu. Na ƙara siminti. Wata rana na ɗauke buhun masara daga ƙofa zuwa rumbu, sai da na ajiye na tuna cewa da can mutum biyu nake nema. Yanzu ɗaliban da suka yi mini dariya wasunsu na tsayawa bayan an tashi, ina nuna musu yadda ake ɗaukar kaya da cinya ba da baya ba. Da ka ga yadda suke tafiya yanzu, kai a sama! Halifa ma na kafa masa ƙarfe a ƙofar ɗaki, yana jan jikinsa sama da hannu, yana mini ba'a wai ya fi ni.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa maka ba. Na yi fushi da kai, Malam. Duk lokacin da na miƙa hannu zan ɗauke shi, sai ka ce in bari, ba aikina ba ne. Tausayi ne, na sani. Amma ka ɗauka ba za ka mutu ba ne? Ka tafi ka bar ni ban san nauyin ɗan da na haifa ba. Na yafe maka, amma sai da na iya ɗaga shi na iya yafewa.

Ranar Asabar Yaya Sale ya iso da mota, da ƙannenka biyu. Suka zauna a zaure, aka aiko in fito da yaro da kayansa. Ban ɗauki keke ba, ban haɗa kaya ba. Na goya Halifa, na ratsa tsakar gida, na tsallake dokin ƙofa. A gabansu na durƙusa har ƙasa kamar yadda ya kamata matar ƙane ta yi, shi kuwa yana bayana. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi iyali, na tambayi gajiyar hanya, na tambayi amfanin gona, da shanu, da jikin Innarku. Ban rage ko ɗaya ba, ban kuma yi sauri ba. Cinyoyina na wuta, fuskata na murmushi. Da na gama, na miƙe tsaye ban dafa ƙasa ba, ban dafa bango ba.

Yaya ya daɗe yana kallon tabarma. Daga nan ya tambayi Halifa karatu, ya sha ruwa, ya ce to, a bar shi zuwa baɗi a gani. Motar ta koma Karaye yadda ta zo.

Su dawo baɗi, Malam, tabarma na nan. Na san yaron zai ƙara nauyi. Na riga na aika wa mai walda ya yanko mini sandar da ta fi wannan kauri.

Ka huta lafiya. Allah ya haɗa mu a inda ba mai bukatar a ɗauke shi.

Taka,
Binta, uwar Halifa
Rogo Sabon Gari