Curin Bob Daga Rongelap

Arkansas, Amurka, watan Maris

Zuwa ga Kaka Neibol, a tsibirin Mejatto,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya kajinki? Ni lafiya lau, cikin ma lafiya, ya fara shurina. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Kaka, garin nan babu teku. Na tambayi maigidana Anjen ta ina teku yake, ya nuna bayan kamfanin kajin da yake aiki ya ce, "Miƙe nan, in kin haihu kin yaye za ki isa." Da safe nakan kasa kunne in ji ruwa, sai kukan motoci.

Saƙonki ya iso ta hannun ɗan Faston cocinmu da ya dawo daga gida. Tun ban buɗe jakar ba na ji ƙanshin. Curin bob, ɗan itacen nan namu na tsibiri, an matse 'ya'yan an shanya an naɗe a ganye, da ɗaurinki na igiyar kwakwa. Ya ce kin sa masu jirgi sun tsinko daga bishiyar mahaifiyarki a Rongelap, tsibirinmu na asali da kuka baro, don abin da ke cikina ya ɗanɗani ƙasarsa tun bai fito ba, yadda ake wa matan gidanmu. Na zauna na yi ta kuka. Na tuno kina matsar bob a inuwa, ni ina lasar hannunki.

Inna Limeyo, ƙanwar Mama, ta ƙwace ta ɗora kan firiji, wai ƙasar can da guba tun da tokar gwajin bom ɗin nukiliya ta zubo muku. Amma ga albishir. Ranar tunawa da bom aka tara mu a coci, Fasto ya ce ƙasarmu ta Marshall ta sa hannu a takardar hana bom ɗin nan a tekunmu. Tsofaffi na tafi suna hawaye. To tunda an sa hannu ai an gama ke nan ko? Ranar Lahadi zan ci.

Ki gaida kowa.
Jikarki, Lirok

Arkansas, watan Afrilu

Kakata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Kaka, ban ci ba.

Inna ta same ni na ɗora wuƙa a kan igiyar. Ta ce, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Takarda tsintsiya ce da za ta share ƙasa?" Wai sabon bom takardar ta hana, tsohon yana nan cikin ƙasa, bishiya na shan sa. Na ce to mene ne amfaninta? Ta ce, "Don kada wata ta sake tsayawa da wuƙa a kan abincin kakarta kamar ke." Anjen ya ce a ba shi ya cinye, tunda shi ba ciki gare shi ba. Ta ce, "Rufe mana baki, uban kwaɗayi."

Daga nan ta zauna ta faɗa min abin da ba ki taɓa faɗa min ba. Haihuwarki biyu kafin Mama, bayan zubar tokar, waɗanda kika binne da kanki ba ki bari kowa ya gani ba saboda yadda suka fito.

Na san ba mantawa kika yi ba, so kike yaron ya san inda ya fito. Ban taɓa mayar da abin da hannunki ya miƙo min ba, har maganin nan mai ɗaci. Na kuma san abin da ake ce wa wanda ya ƙi abincin babba. Amma tsoro nake ji. Na shinshina na ajiye. Ki yafe min, ki aiko ko da kalma ɗaya.

Taki, Lirok

Arkansas, watan Yuni

Kaka Neibol,

Gaisuwa daga ni da mai sunanki. Mace ce. Na duba ta sama da ƙasa, na sake dubawa, komai nata cikakke. Hancinki ne sak.

Da na ji shiru na ɗauka kin yi fushi. Sai jiya ga ɗan Fasto da wani curin, ɗaurin dai naki. Ya ce daga bishiyar bayan ɗakinki ne a nan Mejatto, wadda kullum kike cewa bob ɗinta kamar taunar igiya, ba za ki taɓa wahalar matsa shi ba tunda ƙasar aro ce. Ya ce ba ki ba shi saƙon baki ba, cewa kawai kika yi ya yi sauri kafin nono ya ƙafe.

Na cinye rabi a tsaye. Gaskiyarki ce Kaka, kamar igiya yake. Gobe zan ƙarasa.

Na Rongelap ɗin na rataye shi saman gadonta. Ba za ta ci ba, amma hancinta zai san gida.

Allah ya bar mana ke.
Jikarki, Lirok